Ya Faɗi, Ya Mutu

Azuba, Lafia
Tsakiyar damina

Zuwa ga angona Luqman, a ƙasar Biyatnam.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kana cin abinci, kana salla a kan lokaci. Ni ce Gwaggo Rabi'a, ƙanwar kakanka, wadda ta goya ka, in ka manta. Mu nan lafiya lau, sai ƙafa da ruwan sama.

Hembadoon 'yar hayata ce ke rubutawa, ita za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka da wayarta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa sak, ta kuma karanto mini, don ka san Hausarta. Mace "ya", namiji "ya", akuya ma "ya". Jiya ina ji ta ce wa mai gawayi "Mama ya fita". Na tsufa ina mace, 'yar Tibi ta zo ta mai da ni namiji. Ga ta nan tana dariya. Rubuta, ke dai.

To ga abin da ya sa na aiko. Idon hagu ka san ya tafi tun kana nan. Yanzu na daman ma yanar ido ta rufe shi. Mutum in ya tsaya a gabana kamar tulu nake ganin sa, sai ya yi magana. Jumai maƙwabciyarmu ta kai sunana wurin likitocin nan masu zuwa sau ɗaya a shekara suna cire yana. An ce farkon watan tara za su zo.

Luqman, tsoro nake ji. An ce ba a sa mutum barci, yana kwance yana ji ana shiga idonsa da ƙarfe. Ni da ko tozali ban yarda wani ya sa mini ba. Ka zo ka riƙe mini hannu. Kuma in an kwance bandejin, fuskarka nake so in fara gani, ba ta Jumai ba.

Kada ka ce za ka kira ni. Tun ranar da aka kira aka ce babur ya kashe babanka Salmanu a hanyar Assakio ban ƙara kara waya a kunnena ba, kuma ba zan fara yanzu ba. Hembadoon ta ce garin da kake babura ne kamar tururuwa. Ka tuna abin da ka faɗa mini a tasha, hannunka cikin nawa. Ka ce wallahi. Ni ban ce ka ce wallahi ba, kai ka faɗa.

Amaryarka tsohuwa,
Rabi'a

*

Saigon

Zuwa ga amaryata Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta har sau ba adadi. Ina lafiya ƙalau, sai zafi. Garin nan ya fi Lafia gumi, ki yarda da ni. Ki gaida Anti Jumai, ki gaida maƙwabcinmu Malam Sharafaddeen, ki ce wa Hembadoon "ya" yi ƙoƙari.

Gwaggo, maganar zuwa. Na je na samu shugabar makarantar da nake koyar da Turanci. Ta ce farkon watan tara ne sabon zango, ba a barin malami ya tafi. Ɗan hutun da ke akwai kafin nan, jirgi kaɗai zai cinye shi, zuwa da dawowa. Da ina iyawa, Allah ya sani da na zo.

Aikin nan ba komai ba ne, na tambaya. Kafin ki gama istigfari an gama. Anti Jumai za ta riƙe miki hannu, in an buɗe idon a nuna miki hotona a waya, ki ga yadda angonki ya yi ƙiba.

Maganar babur ki kwantar da hankalinki. Bas nake shiga.

Naki,
Luqman

*

Azuba, Lafia

Luqman,

Gaisuwa. An karanta mini. To.

Hoton ka ajiye abinka. Tun kana rarrafe nake wanke fuskar nan, ba a gilashi na san ta ba. Jumai za ta kai ni, Allah ya biya ta. Hannunta kamar icen girki, amma hannu ne.

Hembadoon za ta tafi Assakio sarin doya, daga can ta wuce ƙauyensu bikin binne kawunta. In ka aiko ka ji shiru, ita ce ba ta dawo ba.

Allah ya yi maka albarka.
Rabi'a

*

Da Lat

Amaryata,

Gaisuwa daga wani gari da ba ki taɓa jin sunansa ba. Ina fatan kina lafiya, kuma kina shirin aikin ido ba tare da fargaba ba. A takarda nake rubuta wannan, abokina Patrick, ɗan Benuwai da muke koyarwa tare, zai ɗauki hotonta ya tura wa Hembadoon. Tun shekaranjiya ya tura mata ɗan saƙo don kada ku neme ni ku rasa. Wayata ce ta faɗa ruwa ta mutu.

Gwaggo, gara ki ji daga bakina. An ba mu ɗan hutun nan na bikin ƙasarsu, Patrick ya ce mu gudu daga zafi mu hau dutse. Da babur muka zo. Na san abin da na ce miki a tasha. Amma nan ba kamar hanyar Assakio ba ce, kowa da hular kwano, kuma a hankali muka bi. A hanya ne ruwa ya kama mu, wayar ta zame daga inda na maƙala ta a kan babur ta faɗa kwata. Ni ko ƙwarzane ban yi ba.

Da kin ga hanyar! Tana nannaɗe dutse tana hawa, kana hawa zafi yana sauka daga jikinka kamar kana tuɓe riga. Sai ga daji na wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, ƙamshinsu kamar turaren wuta. Can sama gajimare ya sauko har kan kwalta, muka shiga cikinsa, ban ga Patrick ba sai jar fitilarsa. Kin tuna sanyin Jos da muka je bikin Bilkis kika ce ba za ki ƙara ba? To wannan yayansa ne. Haƙorana har kaɗawa suke yi.

Garin a kan tuddai yake, gida bisa gida, ga tabki a tsakiya. Duk inda ka juya furanni, har gona ake yi musu cikin rumfunan leda, kwari guda cike. Kabeji kamar kan mutum. Akwai wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu tsami-tsami da ake tsinka a ƙasa, da kofi da suke nomawa a gefen dutse. A bakin kasuwa wata tsohuwa tana sayar da madarar waken suya mai zafi da gasasshen dankali. Ta gan ni ina rawar ɗari, ta taso ta ja mini zif ɗin riga har wuya, tana ta faɗa da yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma na gane faɗan. Irin naki ne. Sai da na juya baya na share ido.

Na saya miki suwaita da hular ulu. Wata rana zan kawo ki ki ga furannin nan da sabon idonki.

Ki yafe mini maganar babur. Na daɗe ban yi barci mai daɗi kamar na garin nan ba.

Naki,
Luqman

*

Azuba, Lafia
Ranar Litinin

Zuwa ga duk bawan Allah da wayar Luqman Salmanu ke hannunsa.

Assalamu alaikum in kai Musulmi ne. In ba Musulmi ba ne, ina gaishe ka, kai ma uwa ce ta haife ka. Sunana Rabi'a. Ni na rene shi tun mutuwar ubansa, uwarsa kuwa ta rasu tun yana jariri. Ba shi da kowa sai ni. Malam Sharafaddeen maƙwabcinmu ne ke rubutawa, zai sa Turanci a ƙasa don ka gane.

Labari ya iso mana. 'Yar hayata ta kira Jumai daga kasuwar Assakio ta ce abokinsa ya rubuto, sun hau dutse da babur, ruwa ya kama su, ya faɗi, ya mutu, kada mu neme shi. Sai waya ta yanke. Mun kira ta ba ta shiga, ta shige ƙauye. Mun kira lambarsa har hannun Jumai ya gaji, a kashe take. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba na neman komai nasa. Abu kaɗan nake roƙo.

An ce a ƙasashen nan ana ƙone mutum. Don Allah, don darajar uwarka, kada a ƙone mini yaro. Ku nemi Musulmi ko ɗaya ne ya yi masa wanka, a sa shi a farin ƙyalle, a kwantar da shi kan damansa yana kallon alƙibla. In ba ku san inda take ba ku tambaya. In kuna shakkar shi ne, ku duba gwiwar hannunsa ta hagu, akwai tabon ƙuna, tukunyar kununa ce ta yi masa yana ɗan shekara huɗu.

Ka gaya mini gaskiya, ya daɗe a ƙasa kafin a ɗauke shi? Ubansa ya daɗe. Ya yi magana? Akwai wanda ya ce masa ya yi kalmar shahada? An ce garin sanyi ne. Yaron nan ba ya jure sanyi, ko wanka sai na ɗumama masa ruwa har ya girma. Ku rufe shi.

Mutanen Doma sun zo, dangin uwarsa, gida ya cika. An yi addu'ar uku, an yi waina an raba. Yau ce ranar da aka ce in je a cire mini yanar ido. Jumai ta zo da asuba da mayafinta ta ce Gwaggo tashi mu je, mutanen nan sai baɗi. Na ce in bar masu gaisuwa a tabarma in tafi gyaran ido? In buɗe in ga wa?

Ka amsa mini ko da kalma ɗaya ce.
Rabi'a

*

Saigon

Gwaggo! Ina raye! Ni ne Luqman, da hannuna nake rubutawa. Yanzun nan na sayi waya na sa layina, sai ga takardarki ta shigo. Wayar ce ta faɗi, Gwaggo. Wayar ce ta mutu. Haka Patrick ya rubuta, na gani da idona. Akwai doguwar takarda da na aiko ta wayar Hembadoon, in ta dawo za ta karanta miki. Na kira Malam Sharafaddeen, ya ce kin ƙi karɓa, ya ce ya sa a sifika kin toshe kunne. Don Allah ki saurare ni ko sau ɗaya. Likitocin sun tafi da gaske? A bi su duk inda suka je, ni zan ɗauki nauyin komai. Ki amsa mini.

Luqman

*

Azuba, Lafia

Luqman,

Bayan gaisuwa. Alhamdu lillahi da kana raye. Na faɗa, na kuma yi sujada, Allah shaida ne. Wannan tsakanina da Allah ke nan. Yanzu saura tsakanina da kai.

Hembadoon ta dawo da buhun doyarta ta tarar da tabarmi a ƙofar gida, ta ce wa ya rasu? Jumai ta ce ke za ki tambaya? Da ta gane, nan ta zube a tsakar gida tana birgima. Ta ce "wayan" ta ce, wayan ya faɗi, wayan ya mutu. Ƙarar kasuwa ta cinye "wayan", ta bar wa Jumai "ya". Da bakin da ya san "ta" ne ya faɗa, ko rabin maganar aka ji an san ba mutum ba ne. Malam Sharafaddeen ya zauna yana ta bayani, harafi ɗaya ne, harafi ɗaya ne. Na ce Malam ka yi shiru. Ni ban yi boko ba, amma na san ba harafi ne ya hau babur ba.

Ban ga laifin yarinyar nan ba, shi ya sa na ce ita za ta rubuta wannan. Da an ce mini Luqman ya faɗi daga babur, kuma na san Luqman ba ya hawa babur, da dariya zan yi in ce ƙarya ne, yarona ya rantse. Amma na yarda nan take. Ka san me ya sa? Tun da ka rubuta "bas nake shiga" na ji muryar da kake yi in ka sha mini nono a ƙwarya ka ce mage ce.

An karanta mini doguwar takardar taka. Sau biyu na sa aka karanta. Ranar da kake shan madara mai zafi a bakin kasuwa, ranar ni ina zaune ana ce mini Allah ya ba da haƙuri. Kana barci mai daɗi, ni ina roƙon arna kada su ƙone ka. Ka ce hutun ba zai kawo ka Lafia ba. Na ji, ƙila gaskiya ne, ban san nisan duniya ba. Amma ya kai ka kan dutse. Mutum ya bar gida don neman abinci, wannan na sani. Mutum ya hau abin da ya kashe ubansa don neman sanyi, wannan ban taɓa ji ba. Sanyi! Da ka faɗa mini da na jiƙa maka zane.

Kuma ka samu wata tsohuwar mai ja maka zif. Madalla. Ka gaishe ta. Ka tambaye ta ko ita ma ta taɓa tsince tsakuwar kwalta daga fuskar ɗan yayanta kafin a yi masa wanka.

Maganar ido. Likitocin sun tafi. Bayan kwana kaɗan idon ya kama ciwo kamar ana buga ƙusa, ya yi ja, har amai na yi. Na ɗauka kuka ne, na yi shiru, gida cike da baƙi wa zai saurari ido? Da saƙonka ya zo, Jumai ta kai ni wurin wani likita a cikin gari. Ya haska, ya haska, ya ce yanar ta nuna ta wuce, ta toshe ruwan idon, ƙarfinsa ya hau ya kashe jijiya. Ya ce da an cire a lokacin da aka sa. Ya ce ba kuka ba ne. Shi ya yi karatu. Ni na san kuka ne.

Yanzu ko tulun ma ba na gani. Rana da dare sai ta zafin jiki.

Suwaita kuma. A Lafia. Allah ya shirye ka.

Rabi'a

Luqman, ni ne Hembadoon. Wannan ni na ƙara, Mama bai sani ba. Wallahi na ce wayan. Ni nake dafa mishi abinci yanzu, ni nake kai shi bayan gida. Ba ya kuka, ba ya faɗa, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ka zo.

*

Saigon

Gwaggo,

Ina gaishe ki, in za ki karɓa. Ba ni da abin faɗa. Na yi rantsuwa na karya, na kuma yi miki ƙarya a kai, ba tun Da Lat ba, tun watan da na sauka ƙasar nan.

Na gaya wa makaranta zan tafi ƙarshen wata, su riƙe aikin ko su ba wani. Zan sauka Abuja in shigo mota zuwa Lafia. Zan kai ki babban asibitin ido, ko Kano ne ko Kaduna, a sake dubawa. Likita ɗaya ba shi ne ƙarshen magana ba.

Na sayar da babur ɗin. Ki ce mini in zo.

Luqman

*

Azuba, Lafia

Luqman,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ruwa ya fara ɗaukewa, Hembadoon ta ce gyaɗar bayan gida ta yi.

Ka ce in ce ka zo. Gidan ubanka ne, ba a gayyatar mutum gidansu. Amma akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka iso, kada ka sha mamaki.

Ka taho da kayan sawa. Naka na raba su ranar uku. Shuɗiyar shaddarka tana jikin ladanin masallacinmu, takalman suna Doma, katifar tana wurin wani mai gadi. Malam Sharafaddeen ya ce a je a karɓo, na ce sadaka ba ta dawowa. Na tambayi liman addu'ar da aka yi maka fa, ta lalace? Ya ce ba ta lalacewa, tana nan a ajiye. To ka ji, kana da ajiya.

In ka ga yara sun gudu, kada ka ji haushi, an gaya musu ka mutu kuma ba kowa aka bi aka warware wa ba. Har jiya wata ta zo daga Assakio yi mini gaisuwa, ba ta samu zuwa da wuri ba. Na karɓa. Na gaji da bayani.

Asibiti kuma ka bar shi. Na yarda a shiga idona da ƙarfe don abu ɗaya ne, kuma wannan abin na riga na yi kukansa na gama. Ba na jin akwai saura. In ka shigo ka ga ban yi kuka ba, ban yi guɗa ba, kada ka ce ban yi murna ba. Abin da zan yi da shi ne ya ƙare.

Hoton furannin da ka turo, Hembadoon ta ce in taɓa. Na taɓa. Gilashi ne.

Suwaitar ka kawo, Hembadoon tana fita sarin doya da asuba, za ta yi mata amfani.

Abu na ƙarshe, ka saurara da kyau, kuma ke Hembadoon rubuta shi da manyan baƙi. Ruwan bana ya cinye layinmu, mota ba ta shigowa, ko keke napep a bakin titi yake tsayawa. In ka sauka, 'yan acaba za su yanyame ka, oga zo, oga ina za ka. Ban ce ka rantse ba. Kada ka ƙara rantse mini har in mutu. Ka ɗora jakarka a ka, ka tako da ƙafa.

Kullum bayan la'asar ina zaune a bakin zaure. Fuskarka ba zan gan ta ba, amma ka san kana jan ƙafar dama tun kana yaro, na yi faɗa na gaji. In na ji wannan takun, zan san kai ne. In kuwa ƙarar inji ce ta tsaya a ƙofata, zan tashi in lalubi bango in shiga ciki, in ci gaba da karɓar gaisuwa.

Rabi'a